Yadda ake bincike kan 'yan gudun hijira a yankin Tafkin Chadi

Mataki na farko, ka tantance wa kake nufi. Hausa ta haɗe wanda ya tsallaka iyaka da wanda bai bar ƙasarsa ba a suna ɗaya, 'yan gudun hijira, amma doka ta raba su. Mutumin Gwoza da ya tsallaka zuwa sansanin Minawao a Kamaru, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ke kare shi. Ɗan'uwansa da ya tsaya a Maiduguri bai bar ƙasarsa ba, nauyinsa yana wuyan gwamnatin Najeriya, kuma Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka ta 2009 ce ta yi magana a kansa. Ɗalibin da ya gauraya su, tun babin farko aikinsa ya karkace.

Na biyu, ka duba inda aka riga aka tattake. Tun 2014 hukumar kula da ƙaura ta duniya (IOM) ke ƙidayar waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNHCR) kuma tana fitar da alƙaluman waɗanda suka tsallaka iyaka. Rubuce-rubuce sun fi karkata ga sansanoni, domin nan ne mai bincike ya fi saurin isa. Alhali mafi yawan mutanen ba a sansani suke ba, suna raɓe ne a gidajen dangi da kangaye da ɗakunan haya. A ganina nan aikin yake. Ga kuma sabuwar tambaya: a 2021 gwamnatin Borno ta shiga rufe sansanonin Maiduguri, har da wanda ake kira Bakassi. Wanda aka mayar garinsu, ya samu gonar da zai noma ba tare da fargaba ba? Ko ya sake dawowa birni? Haka nan mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora zuwa jihar Maraɗi tun 2019, su ma suna jiran mai sauraro.

Na uku, izini: kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka, hukumar agajin gaggawa ta jiha, sannan bulama ko mai unguwa. Kada ka tsallake na ƙarshen nan.

Na huɗu, nemi tafinta mai jin Barbarci ko Larabcin Shuwa, kuma mace ta zanta da mata.

Na biyar shi ne zaman hirar, inda aka fi yin ɓarna. Tun a gaisuwa ka faɗa musu ƙarara cewa wannan ba rajistar tallafi ba ce, in ba haka ba za a ba ka amsar da ake zaton tana kawo buhun masara. Kada ka matsa wa wadda ta rasa 'ya'ya ta maimaita daren da aka shigo garinsu. Wataƙila baƙi goma sun riga ka tambayarta. Tambaye ta yau: ina take samun ruwa, nawa ne kuɗin haya, yaran suna zuwa makaranta?

Na shida, sauya sunaye, ka rufe rikodin da lambar sirri. In ka kammala, ka koma unguwar ka karanta musu abin da ka gano da harshensu.