Kurakuran da aka fi yi wajen ƙera lasifikar ƙarƙashin ruwa

Uwar kurakuran nan duka ita ce mutum ya zo wa ruwa da tunanin iska. A iska sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, a teku kuwa kimanin mita 1,500. Ga kuma taurin kai: tura ruwa ya fi tura iska wuya kusan sau 3,600. Lasifikar ɗaki tana kai da komo da yawa da ɗan ƙarfi kaɗan, ta ruwa kuwa ƙarfi mai yawa take so da motsin da ido ba ya gani. Shi ya sa a 1917 masanin kimiyya Paul Langevin a Faransa ya matse dutsen kwaz tsakanin faranti biyu na ƙarfe don ya harba sauti a ruwa, shi ya sa kuma yau ake amfani da tangaran ɗin PZT mai motsi idan wuta ta ratsa shi.

Daga nan kuskure na biyu yake fitowa, kuma ni da kaina na taɓa faɗa masa. Na gama haɗa na'ura, zumuɗi ya hana ni jiran tankin gwaji, na ɗora ta a tebur na buɗe mata wuta sosai. Ƙara ɗaya na ji, ƙas, kamar an taka kwalba. Da na kwance ta, zoben tangaran guda ya tsage gida biyu. Ruwa shi ne birkinta. Idan babu shi, kaɗawarta takan wuce iyaka. Ko ba ta fashe ba ma, awon da aka yi a iska ba ya zama hujja, domin nauyin ruwan da ke gabanta yakan sauko da kilohaz ɗin da ta fi amsawa (kilohaz 1 shi ne kaɗawa dubu a daƙiƙa). A kan tebur a gwada da 'yar wuta kaɗan kawai. Gwajin gaske a ruwa ake yinsa, da gajerun bugu, a karanta kafin amsa-kuwwar bangon tanki ta dawo.

Tangaran yana jure matsi, amma ba ya jure ja. A ƙirar da Jamusawa suka sa wa suna Tonpilz, wato naman kaza mai sauti, akwai kai marar nauyi na alminiyam, da wutsiya mai nauyi ta ƙarfe, da zobban tangaran a tsakiya, sai sandar ƙarfe mai noti da ta ratsa su ta ɗaure. Sandar nan ba don riƙe kaya kawai aka sa ta ba. Aikinta ta sa tangaran ya zauna a matse ko lokacin da yake miƙewa. Masu ɗaure ta da ƙiyasin hannu su ne ke kuka daga baya: in ta yi sako-sako ya tsage, in ta matsu fiye da kima ƙarfinsa ya ragu. A auna cajin da tangaran ke fitarwa yayin ɗaurin, shi zai faɗi inda aka kai.

Sai masu ganin ƙarin wuta shi ne ƙarin amo. Kusa da saman ruwa, a ƙananan kilohaz, da zarar an wuce kimanin sulusin wat a kan kowace murabba'in santimita, ruwan da ke fuskar na'urar sai ya yage ya yi kumfa. Kumfar ta danne sautin, ta cika shi da hayaniya, tana kuma cin fuskar ƙarfen. Maganin a faɗaɗa fuskar ko a nutsa da na'urar, tunda kowane zurfin mita 10 yana ƙara matsi daidai da na iskar duniya guda.

Kumfar da ta fi ba ni haushi ita ce wadda mai ƙira ya binne da hannunsa. Wajen zuba robar da ke hana ruwa shiga, in ba a zuƙe mata iska a tukunyar zuƙa ba, 'yar kumfa kamar ƙwayar gero takan maƙale a fuskar, ta mayar da sauti baya. Aiki ne na mintuna, amma shi aka fi tsallakewa.

Zaɓen tangaran ma ana tuntuɓe a kai. PZT-5 ya dace da saurare. In aka matsa masa da wuta sai ya yi zafi ya fara mutuwa. Mai harba sauti ya nemi PZT-4 ko PZT-8. Haka masu son ƙaramar na'ura mai amo mai kauri: a kilohaz 1 tsawon zangon sauti mita 1.5 ne, a kilohaz 200 kuwa milimita 7.5, don haka abin da bai fi tafin hannu ba ba zai yi aikin kilohaz 1, wato amo mai kauri, da kyau ba.

Alminiyam da ƙarfe kuma in suka haɗu a ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne zai cinye. A raba su da abin da ba ya ɗaukar wuta, a liƙa guntun zinki a jikin akwatin don shi ya cinye a madadin alminiyam, a riƙa duba shi duk fitowa daga ruwa.