Yadda za ka yi muhawara kan zunubi, hukunci da ayyukan kirki ba tare da an rabu dutse a hannun riga ba

'Yan'uwa, wannan gardama ta "bangaskiya ce ke ceto ko aiki" ba yau aka fara ta ba fa. Ta yi zafi tun zamanin Martin Luther, malamin nan na Jamus da ya ƙalubalanci cocin Katolika a 1517, Katolika suka ba da tasu amsar a taron shugabannin cocinsu a garin Trent daga 1545 zuwa 1563, sai a 1999 a garin Augsburg na Jamus Katolika da Lutheran, wato mabiya koyarwar Luther, suka sa hannu a takarda ɗaya cewa ceto ta wurin alheri ne. Don haka kar ka shiga da niyyar gama ta a zama ɗaya.

Da farko dai ka tambayi abokin maganarka, in ya ce "aiki" me yake nufi? Nan ne yawanci ake kwan biyu ana magana ba a fahimci juna ba. Bulus in yana maganar ayyukan Shari'a a Galatiyawa, kaciya da dokokin Musa ne a gabansa, shi kuwa Yakubu a sura 2 ta wasiƙarsa maganar ɗan'uwa yake yi wanda ba shi da abinci ba shi da sutura, ka ce masa ya tafi lafiya ba ka ba shi komai ba. Abin da ke burge ni, dukansu Ibrahim suka kawo misali, Bulus ya ɗauko Farawa 15 inda ya gaskata Allah, Yakubu ya haɗa da Farawa 22 inda ya miƙa Ishaku. Mutum ɗaya ne, lokaci ne daban.

Sannan don Allah a daina yanke aya. In ka karanta Afisawa 2:8-9, inda aka ce ceto ta wurin alheri ne ba ta wurin ayyuka ba, ka ci gaba har aya 10, can ne aka ce an halicce mu cikin Almasihu domin ayyuka nagari. In abokin maganarka kuma ya kawo Matiyu 25, inda za a raba mutane a ranar hukunci kamar tumaki da awaki, kar ka zille, ka yarda yana nan a rubuce, Yesu ya yi maganar mayunwata da baƙi da marasa lafiya da 'yan kurkuku, sai ka nuna masa cewa su tumakin ma, wato waɗanda suka taimaki waɗannan mutanen, mamaki suka yi, ba lissafin lada suke yi ba.

Maganar zunubi kuwa ka sa kanka a ciki tukuna. Romawa 3:23 ta ce duka sun yi zunubi, ba ta ware kowa ba, har da kai mai riƙe da Littafi Mai Tsarki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne a fara kiran sunan mutane, wane ɗan wuta ne, wance ba za ta shiga ba. Da zarar an kai nan ka tsaya, ka buɗe Luka 23 ku karanta labarin ɓarawon nan da ke kan gicciye kusa da Yesu, ka tambaye shi waye cikin masu kallo a ranar ya zaci wannan mutumin zai kwana a Firdausi.