Yadda za a nuna matakan tsarin furotin da farin ƙwai da madarar soya

Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, kuma tsarinsa mataki huɗu ne: jerin sarƙar, murɗewarta, naɗinta gaba ɗaya, da haɗuwar sarƙoƙi da yawa. A kaɗa farin ƙwai ɗaya cikin ruwa mililita 100, a sa gishiri ɗan yatsa don kada ruwan ya yi hazo, a tace da ƙyalle. A zuba mililita 3 a kwalaben gwaji biyu.

Kwalba ta farko a bar ta yadda take. Ta biyu a tsoma ta cikin ruwan zafi tare da ma'aunin zafi. Daga digiri 60 zuwa 65 za ta fara fari, wajen 80 kuma obalbumin, furotin da ya fi yawa a farin ƙwai, ya daskare. Abin da zafi ya karya haɗin haidrojin ne, wani ɗauri mai rauni wanda ke riƙe da mataki na biyu: a murɗin alfa, inda sarƙar ke murɗewa kamar sifirin, sashen C=O na kowace amino asid na kama sashen N-H na ta huɗu a gabanta. Naɗin mataki na uku ma ya warware, sassan da ke gudun ruwa suka fito fili suka manne da juna, sannan sababbin haɗin salfa biyu suka ɗaure su tsakanin sistin, amino asid mai ɗauke da salfa. Shi ya sa dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye.

Yanzu a zuba wa kowace kwalba sodiyom haidroksaid mililita 2, da ɗigo uku na kofa salfet mai kashi 1 cikin 100. Duka biyun za su koma shunayya, domin haɗin peftaid na mataki na farko, wanda ke haɗa amino asid da juna a sarƙar, yana nan daram. Nan ɗalibai suka fi kuskure, suna zaton dafuwa na tsinka sarƙar. Idan kofa salfet ya yi yawa, shuɗi zai rufe launin. Sodiyom haidroksaid yana ƙona fata, a sa safar hannu.

Sai a ɗiga ruwan lemun tsami a hankali cikin madarar soya mai zafi. Asid na rage cajin furotin, kusa da pH 4.5 (pH ma'aunin tsami ne) sai ya dunƙule, kamar yadda ruwan tsami ke yi wa masu awara.

Mataki na huɗu kam ƙwai ba zai nuna shi ba. A zana himoglobin, furotin da ke ɗaukar oksijin a jini, a allo: sarƙa huɗu, biyu masu suna alfa, biyu masu suna beta. A sikila, amino asid balin ce ta maye gurbin gulutamik asid a matsayi na 6 na sarƙar beta, sai himoglobin ya riƙa mannewa ya zama dogayen zaruruwa idan iskar oksijin ta yi ƙasa.