Juyen baƙin mai a tsohon injin jirgin ruwa mai filafilai

Wanda ya saba juye a mota zai fara laluben notin ƙasan inji, ba kuwa zai same shi cikin sauƙi ba. A jirgi inji yana zaune ne can ƙasa cikin rami, ko hannunka ya kai notin babu wurin tara kwano. Shi ya sa ta sama ake zuƙo man, da ƙaramin famfon hannu da siririn tiyo, ta ramin geji, wato sandar auna mai.

Ka fara tada injin ya yi minti 10 zuwa 15, bayan ka tabbata bawul ɗin ruwan sanyaya inji a buɗe yake kuma ruwa na fita ta salansa. Ɗumin nan shi ne rabin aikin. Mai mai sanyi ba ya yarda ya hau tiyo, sai ka yi ta bugun famfo har kafaɗa ta gaji. Idan ka kashe injin, ka kashe famfon da ke kwashe ruwan ƙasan jirgi da kansa, don kada man da ya ɗiga ya ƙare a teku. Ka shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi.

Zura tiyon a hankali har ka ji ya taɓa ƙasa, sannan ka ɗan ja shi baya kaɗan. In ka matsa masa, lanƙwashewa zai yi ya ɗago baki, ya riƙa shaƙar iska alhali mai na nan kwance. Ni a jarka mai alamar lita nake tarawa, don in san abin da ya fito. Misali, inji samfurin Yanmar 2GM20 wajen lita 2 yake ci. In lita ɗaya kawai ka samu, da saura.

Kada ka yi saurin rufe jarkar, ka dubi man tukuna. Baƙi ƙirin ba komai ba ne a injin dizal, hayaƙi ne. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne mai ruwan toka mai kauri, kamar an dama shi da madara: ruwa ya shiga ke nan, ko ta robar famfon ruwa, ko ta gwiwar salansa, ko gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Sabon mai ba zai magance wannan ba.

Filta kuwa, ka rufa mata leda kafin ka kwance, musamman in a kwance aka ɗaura ta. Ka duba ko tsohuwar robar bakin filtar ta maƙale a jikin inji, domin roba biyu a haɗe feshin mai suke jawowa. Shafa wa sabuwar robar mai, ka ɗaure da hannu, in ta zauna ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Sifana ba ta da aiki a nan.

Yawancin tsofaffin injinan dizal mai mai lamba 15W-40 ya ishe su, amma abin da littafin injinka ya ce shi za ka bi. Zuba kaɗan-kaɗan da mazurari, ka tada inji, ka ga fitilar mai ta mutu, ka leƙa gindin filta, ka kashe, ka jira minti 5 ka sake gwada geji. Kada ya haura layin sama.

Ana juye duk bayan awa 100 zuwa 150, ko sau ɗaya a shekara ko da jirgin bai yi tafiya ba. Na fi son yin sa kafin a ajiye jirgi na tsawon watanni, saboda tsohon mai yana ɗauke da asid mai cin ƙarfe. Rubuta kwanan wata da awannin inji a jikin filtar, tsohon man kuma ka kai shi wurin da ake karɓarsa a tashar jirage.