Filofodiyam: ƙafar ganye ce ko ƙafa mai kama da ganye?

Wata ɗaliba da nake yi wa lesin a Samaru ta zo mini da littattafanta biyu, ranta a ɓace. "Malam, duba nan. A darasin tsirrai an ce mana filofodiyam ganye ne, a darasin dabbobi kuma an ce ƙafar ƙwaron ruwa ce. Wanne malamin ne ya yi kuskure?" Babu ko ɗaya. Kalma ɗaya ce aka ba aiki biyu, kuma kusan duk ruɗanin ɗalibai a kanta daga rashin fasa ta gida biyu yake farawa.

Asalinta Girkanci ne, aka ɗora mata wutsiyar Latin. Phyllon shi ne ganye, pous kuma ƙafa, wanda ke komawa pod idan an haɗa shi da wata kalma. Masanin tsirrai yana karanta haɗin a matsayin ƙafar ganye. Masanin dabbobi yana karanta shi a matsayin ƙafa mai siffar ganye. Don haka kafin ka ɗora biro a takardar jarrabawa, duba wane kwas kake rubutawa.

Kuskuren rubutu shi ne mafi arha, kuma shi ya fi cin maki. Mu Hausawa p da f duk ɗaya suke a bakinmu, sai hannu ya bi baki, yaro ya ƙara h a tsakiya ya rubuta phyllophodium. Daidai shi ne phyllopodium: ph a farko kaɗai, na biyun p ne zalla. Jam'inta phyllopodia, ba a liƙa mata s. Sai batun l. Mai l biyu ganye ne, shi ne a ƙarshen sunan kulorofil (chlorophyll), sinadarin da ke sa ganye kore. Mai l ɗaya, phylon, ƙabila ce ko zuriya, daga ita Bajamushe Ernst Haeckel ya ciro phylum, sunan babban rukunin halittu, a 1866. Ka yar da l ɗaya, ka bar gona ka shiga maganar dangi.

A ɓangaren tsirrai, da yawa suna ɗauka siririn karan da ke riƙe da ganye kaɗai ake nufi, tunda sun ji an ce ƙafa. Tsinko ganyen mangwaro ka duba da kyau. Akwai ɗan kumburi a inda ya manne da reshe, sai siririn kara, sai faffaɗan sashen da ke shan rana. Littattafan da ake koyarwa da su suna kiran na farko haifofodiyam, na tsakiya mesofodiyam, na ƙarshe efifodiyam, wato ƙasa, tsakiya da sama. Filofodiyam shi ne gaba ɗayan tun daga gindi har tsini. Masu nazarin tsirran da ba sa fure ko iri suna da tasu ma'anar mai ƙunci: ɗan kututturen da ke saura a jikin tushen karan tsiron bayan ganye ya faɗi. Wannan ba ya yawan zuwa a ajin farko.

Kada kuma a haɗa ta da filod. Filod karan ganye ne da ya baje ya karɓi aikin ganyen, kamar a itatuwan akeshiya na Ostireliya. Bagaruwarmu danginsu ce, amma ƙananan ganyayenta na gaskiya ne.

Inda na fi son a tsaya shi ne wajen dabbobi, don a nan ake tafka ta da gaske. Ɗalibi ya ji an ce masu wannan ƙafar dangin ƙaguwa ne, sai ya zana ƙaguwa ko jatan landen da ake aunawa a kasuwar Sabon Gari, ya ja kibiya zuwa ƙafa ya sa sunan. Ai kuwa ƙafar tafiya ta ƙaguwa siririya ce, mai tauri, gaɓa-gaɓa, sunanta istenofodiyam, daga stenos, wato matsattse. Ƙafa mai kama da ganye faffaɗa ce, sakayau, mai laushi, gefenta da gashi jere kamar haƙoran mataji. Masu ita ƙanana ne: ƙuman ruwa da ake kira dafniya, da atimiya, wadda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ke sayen ƙwanta a gwangwani su ciyar da 'ya'yan kifi.

Idan damina ta yi nisa, ɗebo ruwan kududdufi a kwalba ka ɗaga ta wajen haske. Wani lokaci za ka ga ɗigo-ɗigo suna tsalle. Ka sa ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ka ga ƙafafun a cikin ɓawonsa suna kaɗawa ba hutu, kamar mafici a hannun mai gasa masara. Ruwa suke jawowa, gashin ya tace abinci, numfashi ma ya samu. Dafniya tana da irin waɗannan ƙafafu biyar a kowane gefe, atimiya goma sha ɗaya. Amma a lura: atimiya da ƙafafun take iyo, a rigingine ma, ita kuwa dafniya da manyan antenoninta na biyu, waɗanda ke fitowa daga kanta kamar hannaye, take wannan tsallen. Wanda ya rubuta cewa da ƙafar ganye dafniya ke iyo ya zubar da makinsa.

Sunan rukuninsu ma tarko ne. Branchiopoda, wanda Bafaranshe Latreille ya raɗa a 1817, yana nufin masu numfashi ta ƙafa. Cire n ɗin, ya koma Brachiopoda, masu ƙafa kamar hannu, wasu halittun teku masu ɓawo biyu da ba sa cikin dangin ƙaguwa ko kaɗan. Ɗalibar nan da ta buɗe littafinta na dabbobi a gabana, sau huɗu ta rubuta sunan, sau uku babu n.