Kafin ku rataya talabijin a saman murhun ɗumama ɗaki

'Yan uwa mazauna Ingila da Amurka, kafin ku huda bango, ku hura wutar ta ci awa biyu, sannan ku ɗora tafin hannu inda talabijin za ta zauna. In zafin ya sa kun janye hannu, ku sauya mata wuri. Yawancin talabijin ba sa jure zafi sama da digiri 40 a ma'aunin Celsius.

Kada a cusa wayar wutarta cikin bango, a Amurka ma doka ta hana. Ku kira mai aikin lantarki ya sa soket a bayanta. Wayar HDMI kuwa, wato mai kai hoto da sauti zuwa talabijin, a bi da ita cikin bututun roba ta gefe, nesa da hanyar hayaƙi. Ku sayi maƙali mai sunkuyowa, in ba haka ba ciwon wuya zai hana ku jin daɗin kallon ƙwallo.