Darasi Na Tara: Inhela Mai Launin Shuɗi

Mai ciwon asma, wadda wasu ke kira fuka, hanyoyin iskar huhunsa ne ke tsukewa. Ƙurar hunturu, hayaƙin itace, turaren wuta ko maganin sauro na kunnawa, kowanne na iya tayar da ita. Sai ƙirji ya dinga kuka kamar kyanwa, numfashi ya sarƙe.

Inhela ɗan gwangwanin magani ne da ake fesawa a baki a shaƙa. Ta gaggawa, wato shuɗiyar, maganin salbutamol ne a cikinta, a kemis an fi saninta da Ventolin. Fesawa ɗaya mikrogiram 100 ce, gwangwani ɗaya kuma yana yin fesawa 200. Cikin minti 5 take fara aiki.

Ga yadda ake yi. Zauna a miƙe. Cire murfi, ka leƙa bakin ko datti ya shiga. Girgiza sosai. Idan sabuwa ce, ko ta kwana biyar a ajiye, fesa sau biyu a iska tukuna. Fitar da numfashinka, ka kama bakin da leɓɓanka. Fara jan iska a hankali, kana cikin ja sai ka danna gwangwanin sau ɗaya, ka ci gaba da ja har ƙirji ya cika. Riƙe numfashi, ka ƙirga ɗaya zuwa goma. Idan za ka ƙara, jira rabin minti, ka sake girgizawa.

Wurin dannawar nan mutane da yawa ke ɓata magani. Wanda ya danna kafin ya fara ja, ko ya ja da ƙarfi kamar mai zuƙar kunu, a harshe da maƙogwaro maganin zai tsaya, huhu bai samu ba. In ka ga hazo yana fita ta gefen bakinka, wannan fesawar ta tafi a banza.

Yara da tsofaffi sun fi dacewa da sifesa, wato bututun da ake sawa tsakanin inhela da baki. Inda babu, gorar ruwa ta roba mai mililita 500 tana yi. Likitoci a Afirka ta Kudu sun gwada ta. A huda gindinta daidai bakin inhelar, a fesa sau ɗaya, a shaƙa ta bakin gorar sau huɗu ko biyar.

Idan ciwon ya taso da ƙarfi, kada a kwantar da mutum. A ba shi fesawa ɗaya duk minti ɗaya, har zuwa goma. Rawar hannu da bugun zuciya kan biyo baya, suna wucewa. Amma in bai samu sauƙi ba, ko ya kasa haɗa magana, ko leɓɓansa sun yi toka-toka, asibiti kawai, kada a jira gari ya waye.

Wanda yake neman shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ya koma wurin likita. Buɗe hanya kawai take yi, kumburin ciki sai inhelar rigakafi da ake shaƙa kullum.

Rubuta ranar da ka fara gwangwani, domin ko magani ya ƙare yana iya yin ƙara in an girgiza. Kada a bar shi a mota cikin rana, kada kuma a jefa shi wuta, fashewa yake yi.